Walkin da Na Yi wa Awo

Sana'ata sayar da tufafi ce, kuma ban gaje ta ba. Na fara da wanduna shida na bosho, wato gwanjo, a rataye a kafaɗa, ina bin motoci a tashar Madawa. Yau ina da shago, ina da motar da ke kai mini dilar kaya kasuwannin Buza da Keita da Tabotaki. Ido ne ya kawo ni nan. Mutum ya tsaya a gabana, kafin ya gama sallama na san lambar wandonsa. Wanda ya yi mini gardama sai in ce ya naɗa ƙugun wandon a wuyansa, in bakin ya haɗu a ƙeya to zai shige shi. Ban cika faɗuwa ba.

Lokacin da wanduna masu roba a ƙugu suka fara zuwa, na samo musu kirari. Nakan ɗaga ɗaya sama, in ja robar da hannu biyu, in yi kira: "Ga walki daidai ƙugun kowa!" Maganar ba tawa ba ce, tsintar ta na yi. Malami mai wa'azi yakan ce gaskiya walki ce daidai ƙugun kowa. Ɗan siyasa yakan faɗe ta a kan jam'iyyarsa. Masu waƙa suna son ta don tana zama a bakin baiti ba tare da an tura ta ba. In aka ce wane ya ɗaura walki, an san ya shirya wa aiki ke nan, ko da aikin na biro da takarda ne a ofis mai fanka. Kalmar tana nan da ranta a bakin mutane, amma abin da take nufi ya kusa ƙarewa. Ɗiyata mai koyarwa a lakkol ta ce ta tambayi ajinta mene ne walki, waɗanda suka ɗaga hannu duka suka ce abin nan mai geza da ƴan kokawa ke sawa a talabijin.

Ni ma ban fi su da yawa ba. Na san walki fata ce da maza ke ɗaurawa a ƙugu, manoma da maƙera da mafarauta, tana rufe baya, tana tare ƙaya da zafin dutse in mutum ya zauna. Na gan shi a jikin tsofaffi ina yaro. Amma a gari na tashi, ban taɓa ɗaura shi ba, kuma gaskiya a lokacin kallon kayan ƙauye nake yi masa. Shekara da shekaru ina sayar da wando da sunansa, ban taɓa tambayar kaina me ya sa aka ce daidai ƙugun kowa ba.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya koya mini, kuma sai da na sha kunya tukuna.

Ƙauyensu yana kan tudu a ƙasar Tabotaki, inda dutse ya fi ƙasa yawa. Suna da wata al'ada da ba su sake ta ba. In aka kira gayya, duk yawan samarin da suka taru, ba wanda zai sa kwasa, wato fartanya, a ƙasa sai makaɗi ya kira mai walki ya buɗe kuyyar farko, wato layin shuka na farko. Shi zai yi kirari, ya sunkuya ya fara noma, sannan sauran su bi. Ba sarauta ba ce, ba a naɗa rawani, ba a ba da ko goro ɗaya a kanta. Amma kawu ya riƙe ta tun ina ƙarami, kuma in ka ce masa ya zaɓa tsakaninta da kujerar Makka sai ya ce a ba shi kwana biyu ya yi tunani. A duk ƙauyen mutum biyu suka rage masu walki: kawu da taubashinsa, wani dogon tsoho mai baki kamar reza, wanda ya yi shekaru yana jiran ranar da zai sha gaba.

A wata shekara ta kusa na ɗauko kawu zuwa Madawa aka yi masa aikin yanar ido. Ya so komawa bayan sati biyu, ni na hana, na riƙe shi har rani ya ƙare don ya huta ya ci mai kyau. Da ruwa ya sauka ya koma gida, aka yi shuka, aka yi noman fari. Sai ranar da wata mata da ƴaƴanta uku suka tafi bida, wato ci-rani, can Abijan ta kira gayyar maimai, wato noma na biyu, a gonarta, kawu ya sa aka hau rumbu a sauko masa da walkinsa. Gara ta riga shi. Abin da aka sauko da shi bai fi tafin hannu biyu ba, shi ma duk huji.

Matarsa, wadda nake kira Inna, ita ta kira ni a salula. Ta ce kawunka kwana biyu ke nan furarsa ke kwana a ƙwarya. Saura kwana tara gayya, kuma taubashin nan ya fito da nasa walkin ya shanya a kan dangar ƙofar gidansa, yana shafa masa mai a gaban kowa, yana aiko da gaisuwa safe da yamma.

Na ji nauyin abin, don ni na riƙe shi a gari. Na ce mata ta gaya masa ya sha furarsa, abin da ya shafi sutura ya faɗo gidan mai shi.

Ban ma buƙaci zuwa in gan shi ba. Wata huɗu yana gidana, na san ƙugunsa sarai, lamba talatin da takwas. Na wuce wurin wani baduku da ke kusa da shagona, gwanin takalma da jakunkuna. Na zaɓi jar fata mai sheƙi, wadda ta fi kowace kyau a rumfarsa. Na ce ya yanka ta bisa awo, ya datse gefuna su miƙe, ya yi mata shafi da yadi mai kauri, ya kewaye ta da geza. Na ce ya sa mata ƙarfe da huji uku irin na ɗamarar soja. Har aljihu na sa ya ɗinka a gefe, na salula.

Badukun ya ce, "Alhaji, ni dai ban taɓa ganin walki da ƙarfe ba."

Na ce, "Da can ma ba ka taɓa ganin takalmi da zif ba, yanzu kana ɗinkawa."

Kwana huɗu ya gama. Wallahi ya yi kyau. Na naɗe shi a takarda, na sa a leda, na kama hanya da kaina.

Na iske kawu a zaune a gindin itacen bedi a ƙofar gida, Inna tana gefe tana tsince wake. Muka gaisa, na miƙa masa da hannu biyu. Ya buɗe a hankali. Ya ɗaga shi sama da sabon idonsa, ya juya gaba, ya juya baya, ya leƙa cikin aljihun. Sannan ya dube ni.

"Ɗan ƙanwata, ina ƙafafun?"

"Ƙafafun me, Kawu?"

"Na bunsurun. Ko wanga bunsuru gurgu na?"

Inna ta sa bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ana cikin haka sai ga taubashin ya ɓullo ta bayan danga, kamar an aika masa, hannunsa duk maiƙo.

"Salamu alaikum, masu baƙi! An ce an kawo ma makahon jiya kaya daga birni. Mu gani." Ya karɓa ya ɗaga. "Kai! Sirdi! To ina jakin? Ko kai za a ɗaura ma wa, tsoho?"

"Aje man kayana," in ji kawu. "Ɗana ya kawo man. Kai wa yat taɓa kawo maka ko tsumma?"

"Har da aljihu! Nan za ka sa kirarin naka, kar shi faɗi?"

Kawu mutum ne mai kara. Don kada in ji kunya a gaban taubashinsa ya tashi ya ɗaura shi bisa wandonsa. Na tsuguna na sa masa ƙarfen da kaina. A nan na fara ganin kuskurena. Ƙugun da na auna na mutumin da ya yi wata huɗu yana cin shinkafa da miya ne a gidana. Wanda ke tsaye a gabana ya yi shuka, ya yi noman fari, ga damina ta tsotse shi. Ko a hujin ƙarshe walkin zamewa yake yi. Ya riƙe shi da hannu ɗaya ya sunkuya kamar mai noma, sai shafin nan mai kauri ya ƙi lanƙwasa, ya miƙe a bayansa kamar wutsiyar zakara, ƙarfen kuma ya soke shi a ciki. Taubashin ya yi dariya har sai da ya dafa bedi. Ya tafi yana cewa bari ya je ya ƙara wa nasa mai.

Da muka rage mu uku kawu ya kwance ya ninke shi da kyau, ya ajiye a kan cinyarsa.

"Ka yi ɗawainiya, Allah shi yi maka albarka. Amma zamna in gaya maka. Walki ba a yanka shi, ba a ɗinka shi. Fatar bunsuru ta, ɗungum, yadda Allah ya yi ta. Ƙafafun baya su ne maɗauri. Da kaka, mutum ya ci ya ƙoshi, sai shi ƙulla can bakin ƙafafu. Da damina, yunwa ta rage shi, sai shi jawo ƙullin ciki. Ko ranar gayya, ƙugun safe daban, ƙugun bayan fura daban. Wanda gara tac ci, na ubana na. Kakanka kuwa ƙato na, in ya zamna bisa turmi ba ka ganin turmin. Dube ni. Amma walki ɗaya munka ɗaura, ba a rage ba, ba a ƙara ba."

Inna ta ce, "Shi da ke kiran daidai ƙugun kowa a kasuwa har a ji shi a masallaci."

Mai sayar da tufafi ne kaɗai zai yi wannan wauta. Duk rayuwata abin da na sani shi ne a yanka tufa ta dace da mutum ɗaya, sai na ɗauki abin da amfaninsa duka rashin awo ne na yi masa awo.

Saura kwana huɗu. Kawu ya ce a bari kawai, bana taubashin ya buɗe, ba a mutuwa. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Na san in ya saki bana ya saki ke nan, domin makaɗi ba ya komawa baya in ya saba da sabon suna.

Na fara lissafin hanya. A yanka bunsuru yau a kai wa majemi, kafin a tuje gashi, a jiƙa a bagaruwa, a shanya, gayya ta wuce. Fatun da majema ke kaiwa kasuwa kuwa duk an datse musu ƙafafu, don dukawa ba su da aiki da su. Ban iya noma ba, ban iya jima ba, amma na san abu ɗaya: kowane kaya akwai inda yake kwance, sai dai a rasa wanda ya san wurin. Na tambayi kaina, wa ke jeme fata ya bar mata ƙafafu? Sai na tuna salka. Matan makiyaya da ke yin salkar ruwa ba su tsaga fata, zare ta suke kamar safa, kuma da ƙafafun ake rataye ta a ƙarƙashin cikin jaki. Na sha ganinsu a bayan masu dabbobi a kasuwar Ibohaman, kuma kasuwar jibi take ci.

Ranar na yi sammako. An yi ruwa a tudu, ƙorama ta kawo ta tare hanya, motoci sun yi layi a gaɓa, direbobi suna shan shayi suna jiran ta sauka. Ban jira ba. Na bar motar, na naɗe wando, na kama hannun wasu masu kai awaki muka tsallaka, ruwa har cinya. A ƙetare na hau kabu-kabu. Na isa rana ta take, riga ta bushe a jikina da taɓo.

Mata uku na samu da salkuna. Biyu duk nasu an riga an ɗinke an shafe. Ta ukun tsohuwa ce baƙa siririya, da shuni a goshinta inda mayafi ya goga. A ƙarƙashin kayanta na hango wata babbar fata jemammiya da ba a ɗinke ba tukuna, ƙafafu huɗu cif.

Ta ce, "Wagga ba ta gamu ba, ba ta riƙe ruwa."

Na ce ba ruwa zan zuba ba, tsoho zan zuba. Na ba ta labari tun daga gara har aljihun salula. Ta kira sauran biyun ta maimaita musu da harshensu, suka yi ta dariya suna nuna ni. Na zaro almakashin da ba na rabuwa da shi zan tsaga cikin fatar, ta buge mini hannu kamar na taɓa mata tuwo.

"Kai ba ka gaji da yanka ba? Kawo."

Ta ciro ƴar wuƙa daga kube, ta taka wuyan fatar da ƙafa, ta ja layi ɗaya tun daga ƙirji har ƙasa, ta buɗe ta shimfiɗa. Ta ce in gaya wa matar tsohon ta sha ta da man shanu, a murza, a ja ta a jikin reshe har ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Ta faɗi kuɗinta na biya. Tun da na fara kasuwa ban taɓa sayen abu ban taya ba sai ranar, kuma na ga alamar ita ma abin ya ɓata mata rai kaɗan.

Na koma ƙauye ana gobe gayya. Kawu ya karɓa. Ya kama ƙafafun baya ya ja, ya sunsuna, ya ce, "Bunsuru na, kuma ya girma." Inna ta fito da man shanun da take ɓoyo. Wunin ranar a bayan gida muka yi shi, inda taubashin ba zai leƙo ba, tana shafawa, ni da kawu muna ja a reshen aduwa, shi can ni nan. Da la'asar ya ce in tashi tsaye. Ya zagaya tumbina da ƙafafun, da ƙyar bakinsu ya haɗu, ya ƙulla a can ƙarshe. Ya kwance ya ɗaura a nasa, ƙullin ya shige ciki, ragowar tana lilo har gwiwa. Ya sunkuya, ya miƙe, ya sake sunkuyawa, fatar tana binsa kamar a jikinsa ta tsiro. Ya ce wa Inna ta dama fura da yawa.

Da safe gonar ta cika. Samari sun jeru a bakin kuyyoyi da kwasa a kafaɗa, mata suna sauke ƙoren fura a inuwar gawo. Taubashin ya riga kowa, yana tsaye a kan kuyyar farko, walkinsa baƙi wuluk yana ƙyalli, ƙudaje suna binsa saboda mai. Makaɗi ya rataya gangarsa yana ɗan taɓa ta. Sai ga kawu ya ɓullo ta cikin hatsi, ba ya sauri. Guɗa ta tashi daga wajen mata.

Taubashin ya dube shi sama da ƙasa. Ya ga ƙafafu, ya ga ƙulli, bai sami abin kamawa ba. Amma bai saki ba.

"Jama'a, ku tsaya! Wanga walki jiya anka haife shi. Bai sha zufa ba ko ɗigo. Tun kakanni, da walkin da ya sha zufa aka buɗa gona. Ga nawa, ku sunsuna!"

Wasu dattawa suka fara gyaɗa kai, don maganar tana da ƙamshin gaskiya. Makaɗi ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ƙi buga komai. Mai gonar ta ce ita dai a nome mata hatsinta kafin rana ta yi zafi, ko da buhu mutum ya ɗaura. Na ce a raina wahalar ƙorama ta tashi a banza.

Kawu ya matsa kusa da taubashin, ya sunkuya ya sunsuna walkin nasa da gaske, kamar mai sayen daddawa. Ya ɗago.

"Gaskiya ya faɗi, jama'a. Ya sha zufa. Na gane ta, zufar ubanshi ta, Allah shi jiƙan shi. Amma tun ran da anka ba wanga shi, ban da inuwa da man shanu ba abin da yash sha."

Gonar ta fashe da dariya, har dattawan da suka gyaɗa kai. Tsakanin taubasai kuwa wanda aka yi wa dariya shi ya faɗi, ba a ɗaukaka ƙara. Makaɗi bai bari maganar ta huce ba, ya cafe ta ya sa a ganga: mai neman zufa shi wuce gaba, mai walkin inuwa shi biyo baya. Samari suka amsa. A gabana aka haifi wannan baitin, kuma na ji an ce har ƙauyukan kusa yanzu ana buga shi ga duk wanda ya makara zuwa gona.

Taubashin ya ja da baya taki ɗaya, zuwa kuyya ta biyu, yana cewa makaɗin ma ai an san gidan da yake cin tuwo. Kawu ya ɗaga kwasarsa sama, ya yi kirarinsa da muryar da ban san tana nan ba har yanzu, ya sunkuya ya sara. Ƙasa ta buɗe, samari suka zuba a bayansa kamar an kwance garke.

Bai yi nisa ba. Na ƙirga masa gindin hatsi ashirin da ɗaya kafin ya miƙe ya dafa ƙugu, samari suka wuce shi da gudu, ƙura ta rufe su. Taubashin ya tsaya a na goma sha tara, ya ce ƙaya ce ta soke shi. Suka jawo ƙafa zuwa gindin gawo suka zube wuri ɗaya, suna haki, kowa bayansa jiƙe. Aka kawo musu ƙwarya ɗaya da ludayi biyu.

"Baɗi," in ji taubashin, da ya sami numfashi. "Baɗi za ka gani."

"Allah shi kai mu," in ji kawu. "Matsa da ludayinka, kana kwashe man gaya."